Tsakanin Janairu da Maris: Yadda Ake Auna Ƙungiyar Ƙwallon Kwando Mai Tashi da Faɗuwa

Ranar 16 ga Fabrairun 2022, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda ke garin Chapel Hill a Amurka, ta sha kashi a filinta a hannun Pittsburgh da maki 76 da 67. Pittsburgh ɗin ba wata ƙungiyar a-zo-a-gani ba ce a shekarar, domin ta ƙare kakar da nasara 11 da rashin nasara 21. Washegari tambayoyi biyu ne a bakin magoya baya: anya Karolina za ta samu gurbi a gasar ƙasa ta watan Maris? Kuma anya Hubert Davis, sabon kocin da ya gaji Roy Williams, ya iya aikin? Kwana 45 bayan haka, wannan ƙungiyar dai, da waɗannan 'yan wasan, ta fitar da babbar abokiyar hamayyarta Duke a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa. Da kaka ta gaba ta zo, 'yan jarida suka ɗora ta a matsayi na ɗaya a duk faɗin Amurka. Da kakar ta ƙare, ko gayyatar ta gasar ba a yi ba.

Cikin wata 13 ke nan aka yanke wa ƙungiya ɗaya hukunci uku masu karo da juna, kuma kowanne da cikakkiyar murya aka faɗe shi. Ni a ganina dukkan ukun sun zarce abin da hujja ta bayar. Wanda ya binne ƙungiyar a Fabrairu ya yi gaggawa, wanda ya naɗa mata sarauta a Oktoba ma ya yi gaggawa, kuma gaggawar tasu daga tushe ɗaya take: ɗaukar wasanni kaɗan a matsayin cikakken labari.

Sai an fara sanin yadda kakar take kafin a gane dalilin da ya sa take yawan ruɗar mutane. Jami'o'in da ke babban rukuni a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 350. Ana farawa a farkon Nuwamba, kowace ƙungiya ta buga wasa kusan 31 kafin Maris. Wata biyun farko da jami'o'in wasu yankuna ake karawa, daga Janairu kuma a koma cikin lig na gida, inda kowa ya san kowa. Bayan nan kowane lig ya yi gajeriyar gasarsa ta sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya ci ya samu tikitin gasar ƙasa kai tsaye. Sauran guraben wani kwamiti ne ke raba su. A shekarun da muke magana a kai, ƙungiyoyi 68 ne ke shiga, kuma rashin nasara ɗaya ya isa ya tura ka gida. Kwatanta wannan da gasar ƙwararru ta NBA, inda ake buga wasa 82, sannan a zagayen cin kofi sai ka doke abokin karawarka sau huɗu kafin ka wuce. Can, da wuya ƙungiyar da ta fi ƙarfi ta faɗi saboda dare ɗaya. A jami'a kuwa, dare ɗaya shi ne komai.

Ga kuma shi kansa wasan. Minti 40 ne, kowane ɓangare yana samun hari kusan 70. Daga cikin waɗannan, ƙungiya takan jefa ƙwallo daga bayan layin maki uku, wato daga nesa inda duk wadda ta shiga maki uku ce, sau ashirin da 'yan kai. A ce ƙungiya tana jefawa sau 24, kuma a bisa al'ada kashi 35 cikin ɗari na shiga. Abin da ake sa rai shi ne takwas ko tara su faɗa kwando. To amma lissafi ya nuna cewa yau su shiga shida, jibi su shiga goma sha ɗaya, duk ba abin mamaki ba ne, ba tare da komai ya sauya a hannun yaran ko a kan kocin ba. Tsakanin shida da goma sha ɗaya akwai maki 15. Maki 15 kuwa su ne tsakanin a ce an lallasa ka da a ce ka yi nasara cikin sauƙi. Haka kuma, ƙungiyar da ke da damar cin kowane wasa kashi 70 cikin ɗari, wato ƙungiya mai kyau sosai, idan aka ware kowane wasa biyar nata, akwai yiwuwar kusan ɗaya cikin shida ta faɗi uku ko fiye a ciki. Kaka kuma tana da irin waɗannan biyar-biyar ɗin da yawa. Ke nan mummunan mako biyu ba alamar rushewa ba ce dole. Wani lokaci rabon kowace ƙungiya mai kyau ne. Ita wannan ƙungiyar dai, damarta ta cin wasa shida a jere, wanda shi ake buƙata don ɗaukar kofin ƙasa, ba ta kai kashi 12 cikin ɗari ba.

Sai dai ba zan ɗora komai a kan sa'a ba, domin Karolina ta 2021 zuwa 2022 ba rashin sa'a kaɗai ya dame ta ba. Dubi yadda ta riƙa faɗuwa. Tennessee ta doke ta da tazarar maki 17 a Nuwamba. Kentucky ta casa ta 98 da 69 a Disamba. A Janairu, cikin mako guda, Miami ta ci ta 85 da 57, Wake Forest ta ci ta 98 da 76. Ranar 5 ga Fabrairu Duke ta zo har gida ta tafi da nasarar 87 da 67. Ƙungiyar da ake doke ta da maki 20 zuwa 29 a kai a kai, akwai abin da ya lalace a cikinta. Tsaron bayanta yana da ɓaraka, kuma da zarar an ba ta tazara sai gwiwarta ta yi sanyi. Masu ƙorafi a Janairu suna da hujja a kan abin da idonsu ya gani. Inda suka kauce shi ne zaton cewa yadda ƙungiyar take a ranar haka za ta dawwama.

Ita kuwa tana sauyawa a gaban idon kowa. Davis ya zo da salon wasa daban da na Williams, wanda ya shekara 18 yana dogaro da manyan dogaye biyu a ƙarƙashin kwando. Shi Davis yana son dogo ɗaya a ciki, sauran huɗun su bazu a waje su buɗe fili. Irin wannan sauyi ba ya zama jiki a wata ɗaya. Sannan a Janairu ƙungiyar ta rasa wasu 'yan wasa, ciki har da Dawson Garcia da ya koma gida saboda rashin lafiya a danginsa. Abin da ya yi kama da asara sai ya warware wata matsala: Brady Manek, wanda ya zo daga Oklahoma bayan shekara huɗu a can, ya samu gurbinsa na dindindin, kuma shi dogo ne mai iya jifa daga nesa, yana cin kusan kashi 40 cikin ɗari. Tsayuwarsa a waje ta tilasta wa mai tsaronsa fitowa, Armando Bacot ya samu sarari a ƙarƙashin kwando. RJ Davis, ɗan wasa mai suna irin na kocin, ya ƙara riƙe ragamar rarraba ƙwallo, Caleb Love ya samu sukunin neman maki, Leaky Black ya ɗauki nauyin tsare gwanin kowace ƙungiya. Mutum biyar, kowa ya san aikinsa. Ranar 5 ga Maris, a wasan ƙarshe da Mike Krzyzewski ya jagoranta a filin Duke bayan shekara 42 yana horar da ita, waɗannan biyar ɗin suka buga rabin lokaci na biyu gaba ɗaya ba tare da canji ba, suka ci 94 da 81.

A gasar ƙasa an ba su lamba ta takwas a ɓangarensu, matsayin da ke nufin kwamiti na kallon su a matsayin tsaka-tsaki. Suka ragargaza Marquette 95 da 63. Wasan da ya biyo baya shi ne wanda nake so mai karatu ya riƙe, domin duk kakar tana cikinsa. Suna gaban Baylor, mai riƙe da kofi, da maki 25, saura kusan minti goma, aka kori Manek daga fili saboda keta. Baylor ta farke tazarar kaf, aka tafi ƙarin lokaci, Karolina ta sha da ƙyar 93 da 86. Da ƙwallo ɗaya ta Baylor ta ƙara faɗawa kafin lokaci ya cika, da labarin kakar shi ne ƙungiyar da ta zubar da maki 25, da kuma kocin da bai iya riƙe nasara ba. Ba ta faɗa ba. Suka wuce UCLA da Saint Peter's, suka doke Duke 81 da 77 a New Orleans ranar 2 ga Afrilu, karon farko da maƙwabtan biyu suka haɗu a gasar ƙasa, inda Love ya ci maki 28, har da jifan maki uku saura daƙiƙa ashirin da 'yan kai. A wasan ƙarshe suka tafi hutu suna gaban Kansas 40 da 25, aka tashi Kansas na da 72, su 69.

Wanda ya zauna ya auna wannan kakar da adalci zai ce: ƙungiya ce mai rauni zuwa tsakiyar Fabrairu, ta gyaru ƙwarai a makonni shida na ƙarshe, kuma a cikin makonnin nan ƙwallo ta yi mata biyayya a lokutan da ta fi buƙata. Duka ukun gaskiya ne. Amma da bazara ta wuce, mutane sun riƙe na tsakiyar kaɗai. Huɗu daga cikin biyar ɗin suka dawo, aka kawo Pete Nance daga Northwestern ya maye gurbin Manek, sai masu kaɗa ƙuri'ar kamfanin dillancin labarai na AP suka ce ita ce ta ɗaya. Wato an ɗauki wasanni goma sha wani abu an fifita su a kan wasanni ashirin da shida da suka gabace su.

Faɗuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamban 2022 suka yi rashin nasara huɗu a jere: Iowa State, Alabama a wasan da sai da aka ƙara lokaci sau huɗu aka tashi 103 da 101, Indiana, sai Virginia Tech. Suka fice daga jerin 25 na sama gaba ɗaya. A nan mai haƙuri yana da damar cewa a dakata, ai bara ma haka aka yi. Kuma a Disamba maganarsa tana kan hanya. Amma haƙuri ma yana da ranar ƙarewa. Jifansu na maki uku ya sauko daga kusan kashi 36 cikin ɗari zuwa kusan 31, kuma ya zauna a nan har ƙarshe. Abin da ya faru a wasa uku ana iya cewa sa'a ce. Wanda ya maimaitu a wasa 33 ya zama hali. Da babu mai tsoratarwa daga waje, abokan karawa suka cunkushe ƙarƙashin kwando, filin da Manek ya buɗe ya rufe. Suka ƙare da nasara 20 da rashin nasara 13, suka zama ƙungiya ta farko da ta fara kaka a matsayi na ɗaya ta kasa shiga gasar tun da aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi 64 a 1985. Aka yi musu tayin ƙaramar gasar NIT, suka ce a kai kasuwa.

Nasara 20 ba ta cece su ba saboda kwamitin ba yawan nasara kaɗai yake ƙirgawa ba. Tun 2018 NCAA ke amfani da wani ma'auni mai suna NET, ta kuma kasa wasanni gida huɗu bisa ƙarfin abokin karawa da inda aka buga. Aji na farko ya ƙunshi wasan gida da ƙungiyar da ke cikin 30 na sama, ko wasa a filin da ba na kowa ba da wadda ke cikin 50, ko wasan waje da wadda ke cikin 75. A wannan ajin Karolina ta tashi da nasara ɗaya tak. Tsarin yana da masu suka, amma ya yarda da abin da mai kallo cikin fushi yakan manta: faɗuwa a gidan ƙungiya mai ƙarfi da faɗuwa a gidanka a hannun mai rauni ba ɗaya ba ne, ko da yake a takarda duk rashin nasara ne.

A wannan kakar dai, wata ƙungiya ta bi hanyar da a ido ta yi kama da ta Karolina, alhali a ciki ta sha bamban. Jami'ar Connecticut, da aka fi sani da UConn, ƙarƙashin Dan Hurley, ta ci wasanni 14 na farko, ta kai matsayi na biyu a ƙasa. Daga ranar ƙarshe ta Disamba zuwa 25 ga Janairun 2023, ta faɗi wasa shida cikin takwas. Kukan da aka yi wa Karolina shi aka yi mata. To amma a duba tazarar: maki 10, 12, 6, 11, 1, da 3. Huɗu daga ciki a waje aka buga su. Dukkansu kuma a cikin lig ɗin Big East ne, inda ƙungiyoyi ke haɗuwa sau biyu a shekara, kowane koci ya haddace tsarin ɗan'uwansa. Sun gano lagonta: suka daina tsare Andre Jackson idan yana waje, tunda jifansa na nesa ba abin tsoro ba ne, mai tsaronsa ya koma ciki yana toshe hanya. Hurley ya sauya masa wurin tsayawa, ya matso da shi kusa da kwando inda tsallensa da iya miƙa ƙwallonsa ke da amfani. Matsala ce ta gaske, amma mai suna ce, kuma mai magani.

Masu bin alƙaluma ba su firgita ba ko a tsakiyar faɗuwar. Ken Pomeroy, wanda ya shahara da auna ƙungiyoyin jami'a, ba ya kallon nasara da rashinta. Yana lissafa maki nawa ƙungiya ke ci da nawa ake cin ta a kowane hari ɗari, ya daidaita da ƙarfin waɗanda ta kara da su. A ma'auninsa UConn ba ta bar sahun gaba ba ko a Janairu. Da Maris ya zo, aka ba ta lamba ta huɗu, ta ci wasa shida, babu wanda tazararsa ta gaza maki 13, ta ɗauki kofi a Houston bayan doke San Diego State 76 da 59. Gwarzon gasar shi ne Adama Sanogo, ɗan Bamako ta ƙasar Mali, wanda ya buga zagayen ƙarshe-ƙarshe yana azumin Ramadan. Duk rashin nasararta takwas na shekarar a hannun 'yan lig ɗinta ne. Babu ƙungiyar waje da ta iya da ita.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wannan wasa maganar tana da gaskiya, amma sai mutum ya san abin da zai duba a Larabar. Sakamakon da ke kan allo shi ne mafi ƙarancin abin da ke nuna gaba. Wa ke kwance da rauni? Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma tsohon misalinta ya shafe mu. A 1983 Jami'ar Houston na da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, tana kuma matsayi na ɗaya a ƙasa. Wadda ta doke ta a wasan ƙarshe, 54 da 52, ita ce NC State, wata jami'a daban a jihar Karolina ta Arewa, ƙarƙashin koci Jim Valvano, ƙungiyar da ta yi rashin nasara goma a kakar. Aka kira abin al'ajabi, kuma yadda Lorenzo Charles ya cafke ƙwallo a sama ya zura ta a daƙiƙar ƙarshe ya cancanci sunan. Amma wani ɓangare na rashin nasarorin goman ya zo ne bayan Dereck Whittenburg, ɗaya daga cikin ginshiƙanta, ya karye a ƙafa a Janairu ya yi makonni ba ya wasa. Ƙungiyar da ta shiga Maris da shi ba ita ce wadda ta yi ta faɗuwa babu shi ba, ko da yake sunan da ke kan riga ɗaya ne. Olajuwon aka ba kyautar gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ce ta faɗi.

Bayan rauni sai jadawali, wato da wa aka kara kuma a ina. Sai yadda ake faɗuwa: da maki biyu a daƙiƙar ƙarshe, ko kuwa tun kafin hutu an gama da kai? Sai kuma a rarrabe abin da ke zuwa ya tafi da abin da ke zaune. Jifan maki uku na dare ɗaya, naka ko na abokin karawa, yana zuwa ya tafi. Zubar da ƙwallo barkatai, kasa cafke wadda ta dawo daga kwando, barin mutane suna kutsawa ciki yadda suka ga dama, waɗannan suna bin ƙungiya daga fili zuwa fili, kuma idan Fabrairu ta zo ba su ragu ba, damuwa ta halatta.

A yanzu ma akwai ƙarin dalilin jinkirta hukunci. Tun 2021 aka sassauta dokar sauya sheƙa, ɗan wasa na iya barin jami'a ya buga wa wata nan take ba tare da zaman shekara guda ba, kuma a shekarar ce aka ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Sakamakon haka ƙungiyoyi da yawa kan shiga Nuwamba da rabin 'yan wasansu baƙin juna. Abin da ka gani a makon farko sau da yawa mutane ne da ba su gama sanin inda ɗan'uwansu ke son karɓar ƙwallo ba.

Kuskuren ɗaya gefen ba a cika maganarsa ba, domin yana zuwa da daɗi. NC State ta 2024 ta faɗi wasanni huɗu na ƙarshen kakarta, tana da nasara 17 da rashin nasara 14, ana ta raɗe-raɗin za a sallami kocinta Kevin Keatts. Sai ta ci wasa biyar cikin kwana biyar ta ɗauki kofin lig ɗin ACC. A na huɗun, da Virginia, jifan Michael O'Connell daga nesa a daidai ƙarar ƙarshe ne ya kai su ƙarin lokaci. Daga nan suka zarce har zagayen 'yan huɗu na gasar ƙasa, inda Purdue ta tsayar da su. Makonni uku ne da babu wanda zai ƙwace wa magoya bayansu, kuma sun cancanci murnarsu. Amma makonni ukun ba su goge wata huɗun da suka gabata ba. Kaka ta gaba ƙungiyar ta tashi da nasara 12 da rashin nasara 19, aka sallami Keatts a Maris ɗin 2025. Mutumin da aka kusa kora, aka ɗaga sama, aka kuma kora, duk cikin shekara guda, iyawarsa ba ta yi wannan hawa da saukar ba. Ra'ayin mutane ne ya yi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan ba makomar koci ba ce, domin shi babba ne mai kwantiragi da albashi mai tsoka. Yaran ne. Mafi yawansu tsakanin shekara 18 da 23 suke, suna zuwa aji, suna jarrabawa a tsakiyar kaka, wasu sun baro iyayensu a wata nahiya. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Zinder ya san yadda ɗan wasa ke tashi daga gwani zuwa abin zagi tsakanin Asabar da Talata. To a ɗora wannan a kan ɗalibin da zagin ke shigowa kai tsaye cikin wayarsa. Caca ta ƙara dagula lamarin tun da kotun ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta ta a 2018. A Maris ɗin 2024 Bacot ya shaida wa 'yan jarida cewa saƙonnin cin mutunci sun yi masa ruwa bayan wani wasa da ƙungiyarsa ta ci, saboda bai kai adadin da 'yan caca suka zuba kuɗi a kai ba. A watan ne shugaban NCAA, Charlie Baker, ya nemi jihohi su hana yin caca a kan abin da ɗalibi ɗaya zai yi a fili. Mai goyon bayan da ke auna kaka da natsuwa ba kansa kaɗai yake yi wa alheri ba. Yana rage nauyin da ake jibga wa yaron da bai gama girma ba.

Ba ina cewa a daina jin zafin faɗuwa ba. Wanda bai ji komai ba ranar da aka ci ƙungiyarsa da maki 29, ba mai goyon baya ba ne. Jin zafi daban, yanke hukunci daban, kuma na biyun yana buƙatar wasanni da yawa fiye da yadda zuciya ke son jira.

Bayan kakar 2023, Caleb Love ne ya fi shan suka a Chapel Hill. Yaron da jifansa ya kawo ƙarshen aikin Krzyzewski, shekara guda bayan haka ana cewa shi ne matsalar ƙungiyar, domin jifansa na maki uku ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari kuma bai rage jefawa ba. Ya bar jami'ar ya koma Arizona. RJ Davis ya zauna, shi da Bacot. A kakar da ta biyo baya, Love ya zama gwarzon ɗan wasan lig ɗin Pac-12, RJ Davis ya zama gwarzon ACC, Karolina ta ci wasa 17 cikin 20 a lig ɗinta ta shiga gasar ƙasa da lamba ta ɗaya, ƙarƙashin kocin nan dai da aka ce bai iya ba. Ranar 28 ga Maris ɗin 2024, ƙungiyoyin biyu suka buga zagayen 'yan 16 a fili ɗaya a Los Angeles, ɗaya bayan ɗaya. Clemson ta fitar da Arizona 77 da 72, Alabama ta fitar da Karolina 89 da 87. Love ya jefa ƙwallo tara daga bayan layin maki uku, babu wadda ta shiga. Davis ma ya jefa tara, babu wadda ta shiga.